Mutum ɗaya da usur a tsakiyar ƙarti 26: rayuwar alƙalin zari-ruga na Lig

Alƙalin ƙwallon ƙafa yana iya shafe minti biyu ko uku bai buɗe baki ba, wasa na tafiya shi kuma yana biye da shi da ido. Alƙalin zari-ruga na Lig bai san wannan hutun ba. Daga busa usur na farko har cikar minti 80 bakinsa ba ya rufuwa: yana ƙirga kamu, yana faɗa wa wanda ya danne abokin hamayya ya tashi, yana jan masu tsaron gida baya, yana kiran 'yan wasa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kamar makaɗin gayya yake, da muryarsa ake ɗaga ƙafa, da ita ake saukewa. Wannan ne ya sa aikinsa ya fi na takwarorinsa nauyi, domin idan ya yi kuskure, kafin a ankara ƙarti 26 sun riga sun yi aiki da kuskuren.

Sai an san yadda wasan yake za a gane haka. Zari-ruga iri biyu ne. A ranar 29 ga Agusta 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a otal ɗin George da ke garin Huddersfield suka ɓalle daga hukumar wasan, saboda 'yan wasansu masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙu ne, kuma hukumar ta hana a biya su kuɗin yinin aikin da suka rasa don yin wasa. Daga wannan ɓallewa aka samu Lig, wanda ya rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 a kowane ɓangare, ya kuma isa Ostareliya a 1908. Yau a can ya fi ƙarfi, a jihohin New South Wales da Queensland, sai arewacin Ingila, Niyu Zilan, kudancin Faransa, da Papua New Guinea inda shi ne wasan ƙasa.

Ƙa'idar da ta fi kowacce muhimmanci ita ce ta kamu shida. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kama ɗan wasanta sau shida kacal. In ba ta kai ƙwallon bayan layin abokan hamayya ta dire shi ba, wato ta ci tirai mai maki 4, sai ta miƙa ƙwallo. Shi ya sa bayan kamu na biyar yawanci ake buga shi da ƙafa can nesa. Bayan kowane kamu, wanda aka kayar zai miƙe ya tura ƙwallon baya da ƙafa, masu tsaro kuma dole su ja baya mita 10. Wa ke riƙe da lissafin nan? Alƙali. Wa ke tsayawa a inda mita 10 ta ƙare don kowa ya daidaita sahu da shi? Alƙali. A wasa ɗaya ana yin wannan ɗaruruwan lokuta, kuma kowanne hukunci ne: an riƙe shi fiye da kima ko ba a riƙe ba, hannu ya taɓa ƙwallo ko bai taɓa ba, wancan ya baro layi da wuri ko bai baro ba. Duk yana yin haka ne da gudu, gaba da baya, numfashi sama-sama.

Ƙirga ɗaya zuwa shida ba ya kama da abin da zai gagari babban mutum, amma ya gagara. A 1978, a wasan zagayen ƙarshe a Ostareliya tsakanin Manly da Parramatta, Manly ta ci tirai a kamu na bakwai a gaban alƙali Greg Hartley. A 2013 abin ya maimaita kansa: Cronulla ta ci a kamu na bakwai, ta fitar da North Queensland daga gasa da ci 20 da 18, alhali a ranar alƙalai biyu ne a cikin fili. Wanda bai taɓa gwada riƙe lissafi yana gudu, mutane dubu-dubai na ihu, ana kuma yi masa magana a kunne ba, shi ne zai yi saurin cewa sakaci ne.

Hanyar zuwa wannan matsayi doguwa ce, kuma ba ta da daɗi. Galibinsu sun fara ne suna samari, suna busa wasannin yara ranar Asabar da safe a filayen unguwa, inda masu zaginsu iyayen yaran ne. Daga nan sai gasar manya ta yanki, sai gasar jiha, sai riƙe tuta a gefen fili a babbar gasa, kafin a ba mutum tsakiyar fili. A da, kusan dukansu suna da wata sana'ar da suke ci da ita, alƙalanci na ƙarshen mako ne. Yanzu gasar NRL ta Ostareliya da Super League ta Ingila suna da alƙalai na cikakken lokaci, masu atisaye kamar 'yan wasa, masu zama bayan kowane wasa a duba musu bidiyo hukunci bayan hukunci. Wanda ya tafka babban kuskure yana iya tsintar kansa a ƙaramar gasa mako mai zuwa, kuma jarida za ta buga. Akwai ma waɗanda suka shigo daga ɗaya ɓangaren, irin Henry Perenara, wanda ya buga wa Niyu Zilan wasa kafin ya ɗauki usur.

Idan ana maganar alƙalin da ya cika fili, Bill Harrigan ake fara ambata. Ɗan sanda ne a New South Wales, a rundunar da ake turawa inda abu ya ƙazanta, kuma da wannan halin ya shiga fili. Daga 1986 zuwa 2003 ya busa wasanni fiye da 390 a babbar gasa, da wasan ƙarshe 10, da wasanni 21 na State of Origin, karawar shekara-shekara tsakanin New South Wales da Queensland wadda ta fi kowace zafi a wasan. An laƙaba masa Hollywood don ana ganin yana son a kalle shi. Ni dai a ganina abin da mutane ke kira son nuna kai a wurinsa wani ɓangare ne na aikin. Mutumin da zai tsaya gaban ƙato mai kilo sama da 100, jini na zuba daga girarsa, ya ce masa ja baya, dole jikinsa ya nuna cewa ba ya shakkar abin da ya faɗa.

Wasanni biyu sun isa su nuna irin zamaninsa. Na farko wasan ƙarshe na 1999, tsakanin St George Illawarra da Melbourne Storm, a gaban mutane 107,999 a Sidni. St George ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da 14 da nema. Saura 'yan mintoci a tashi, tana gaba da 18 da 14, Brett Kimmorley ya ɗaga ƙwallo sama zuwa kusurwa, Craig Smith na Melbourne ya cafe shi a bayan layi, kafin ya dire sai Jamie Ainscough ya kai masa hannu a ka, ya suma, ƙwallo ya suɓuce. Harrigan ya miƙa wa alƙalin bidiyo Chris Ward, aka dawo da hukuncin cewa ba don wannan duka ba da an ci, don haka aka ba da tirai na hukunci, aka kuma buga ƙarin maki 2 daga gaban raga. Melbourne ta ɗauki kofi da 20 da 18, a shekararta ta biyu da kafuwa. Ba ƙaramar zuciya ake buƙata ba kafin a raba kofi da irin wannan hukunci, kuma shi ne daidai.

Na biyu wasan farko na State of Origin na 2000. New South Wales ta ci tirai bayan abin da 'yan Queensland suka rantse ƙwallo ya faɗi gaba daga hannu tun kafin nan, wanda laifi ne a wasan. Gorden Tallis, ɗaya daga cikin mafiya zafin 'yan wasan zamaninsa, ya tunkari Harrigan ya kira shi macuci, Harrigan ya kore shi daga fili nan take. Har yau 'yan Queensland na cewa Tallis ya yi gaskiya game da ƙwallon. Wataƙila haka ne. Amma abu biyu ne daban: a ce alƙali bai gani ba, da a ce ya gani ya danne. Na farko yana faruwa kowane mako. Na biyu kuwa in aka bar shi ya wuce ba a tanka ba, babu sauran wasa. Harrigan ya riƙe wannan layi har wajen fili: ya kai fitaccen mai shirin rediyo Alan Jones kotu kan zarginsa da son kai, kuma a 2001 kotu ta ba shi diyyar dalar Ostareliya 90,000.

Zari-ruga na Lig ya riga ƙwallon ƙafa amfani da bidiyo da shekaru fiye da 20. Super League ta fara a 1996, lokacin da babu mai maganar VAR. A 2016 NRL ta tattara aikin a ɗaki guda a Sidni, wanda ake kira Bunker, cike da allunan kallo, daga can ake duba kowane wasa ko a wane gari ake buga shi. A 2020 aka ƙara wa kyaftin damar ƙalubalantar hukunci a duba masa. An yi zaton duk wannan zai sauke wa alƙali kaya. A wani fannin ya sauke, don ba a cika ba da tirai ga wanda ƙafarsa ta taka layin gefe ba yanzu. Amma ya ɗora masa wani kayan da ya fi nauyi. Da can mai kallo da alƙali gani ɗaya suke yi, cikin ƙiftawar ido. Yanzu mai kallo yana zaune a gida ana nuna masa abin sau takwas daga kusurwa biyar a hankali, shi kuwa alƙali har yanzu gani ɗaya ne, da gudu. Aka daina yi masa uzuri, ba a kuma ƙara masa ido ba. Sannan da yawa daga hukunce-hukuncen wasan ba na auna layi ba ne, na fahimta ne: ya sake ƙwallon da kansa ko an fizge? Ya tare hanya da gangan ko gudunsa yake yi? Bidiyo ba ya amsa waɗannan, sai dai ya maida gardamar wani ɗaki.

Matt Cecchin ya ɗanɗana wannan fiye da kowa. A watan Nuwamba 2017, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya a Auckland, Ingila tana gaban Tonga da 20 da nema saura kamar minti bakwai. Filin ya yi ja wur da 'yan Tonga, sarkinsu ma yana wurin. Sai Tonga ta ci sau uku a jere, ya zama 20 da 18. A daƙiƙun ƙarshe Andrew Fifita ya doshi layi, Elliott Whitehead ya kai masa kamu, ƙwallo ya faɗi, Fifita ya sake ɗauka ya dire. Cecchin ya yanke cewa ƙwallon ya suɓuce masa ne gaba, bai nemi bidiyo ba, ya tashi wasa. Shugaban alƙalan gasar, Tony Archer, ya ce hukuncin daidai ne. Hakan bai hana komai ba. Dubban mutane suka sa hannu a takardar ƙorafi, aka yi ta aika masa barazanar kisa, abin ya shafi iyalinsa. A 2018, yana dab da wasansa na 300, ya ce zai bar NRL, ya kuma faɗi dalili a fili. Daga baya ya dawo, bai ajiye usur ba sai 2021.

Ina jin zafin 'yan Tonga. Ƙaramar ƙasa ce da 'yan wasa irin su Fifita da Jason Taumalolo suka bar manyan ƙasashe don su buga mata, kuma taku ɗaya ya rage ta kai wasan ƙarshe. Da ya miƙa wa bidiyo, da zukata sun ɗan kwanta ko da hukuncin bai canza ba. Amma a duba abin da ake nema daga gare shi: yana kusa, ya gani, ya tabbata, ya kuma yi daidai, duk da haka laifinsa shi ne ya yarda da idonsa. Alƙalin da ya ga abin da ya sami Cecchin, gobe zai miƙa wa bidiyo kowane abu ko da ya gani ƙarara, mutanen da suka zagi Cecchin kuma su ne za su yi kukan cewa wasa ya cika tsaye-tsaye.

Labarin Ben Cummins ya fi wannan sarƙaƙiya, domin shi kuskure ya yi, sa'an nan ya gyara, gyaran ya zama abin da ba a yafe masa ba. Wasan ƙarshe na 2019, Sydney Roosters da Canberra Raiders, ci 8 da 8, saura ƙasa da minti 10. Canberra rabonta da kofi tun 1994. A kamu na ƙarshe ta ɗaga ƙwallo sama, aka yi tsalle, ya dawo hannun 'yan Canberra. Cummins ya zaci ɗan Roosters ne ya taɓa, ya kaɗa hannu sama alamar an sake sabon lissafi, kamu shida daga farko. Nan take abokan aikinsa suka sanar da shi a kunne cewa daga jikin ɗan Canberra ƙwallon ya dawo. Ya canza, ya yi ta kiran cewa kamu na ƙarshe ne. Amma Jack Wighton ya riga ya ga hannun, cikin wannan ihu kuma ba lalle ya ji muryar ba. Ya bari aka kama shi da ƙwallo, yana ganin akwai sauran dama biyar. Aka miƙa wa Roosters, suka keta filin, James Tedesco ya dire, aka tashi 14 da 8.

Hukumar NRL, ta bakin Graham Annesley wanda shi ma tsohon alƙali ne, ta ce hukuncin ƙarshe shi ne daidai, ƙwallon bai taɓa ɗan Roosters ba. Gaskiya ne. Amma magana zarar bunu ce. Da bai kaɗa hannu ba, Wighton zai sake buga ƙwallon ko ya gwada bugun maki 1. Da ya bar alamar farko, Roosters aka zalunta. Daga lokacin da hannun ya tashi babu sauran hanyar da ba za ta cuci wani ba, kuma yana da daƙiƙa biyu ko uku ne ya zaɓa. Babu Bunker da zai cece shi, domin wasa bai tsaya ba. Cummins ya faɗi daga baya irin ƙuncin da ya shiga, da yadda abin ya taɓa gidansa. Mutumin nan ya busa wasanni fiye da 400, ya zarce Harrigan a yawa, amma a ambaci sunansa a Ostareliya, abin da za a tuna shi ne hannun da ya ɗaga a daren.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: dokokin da alƙali ke aiki da su ba a hannunsa suke ba, kuma suna canzawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Daga 2009 NRL ta sa alƙalai biyu a fili, ɗaya yana kula da mita 10, ɗaya yana kan wurin kamu. A watan Mayu 2020, lokacin da gasar ke shirin dawowa bayan tsayawar korona, shugaban hukumar da ke kula da ita, Peter V'landys, ya maida shi alƙali ɗaya, ya kuma kawo doka cewa laifin jinkirta tashi daga kamu ba sai an tsayar da wasa ba, sabon kamu shida kawai za a ba da ana cikin gudu. Ƙungiyar alƙalan ta kai ƙara hukumar sasanta rikicin ma'aikata, aka sasanta, canjin ya tabbata. Wasa ya ƙara sauri, masu kallo da yawa sun ji daɗi. Amma mutum ɗaya ya koma yin aikin mutum biyu, a wasan da ya fi na da gudu, kuma an ba shi hukuncin da yake yankewa da kaɗa hannu kawai ba tare da bayani ba, wanda ke iya juya wasa gaba ɗaya.

Haka kuma batun dukan kai. Tun da aka fara gane illar girgizar ƙwaƙwalwa ga tsofaffin 'yan wasa, hukumomi suka matsa. A wani ƙarshen mako na watan Mayu 2021, da aka buga dukkan wasannin zagayen a Brisbane, an fitar da 'yan wasa 14 zaman minti 10 a waje, an kori 3 gaba ɗaya. Abin da makonni kaɗan kafin nan gargaɗi ne kawai ya koma kora. Na goyi bayan manufar ɗari bisa ɗari, don babu kofin da ya kai ƙwaƙwalwar mutum. Sai dai umarnin daga ofis ya fito, ihun kuwa a kan mai usur ya sauka. Koci yana da taron manema labarai, ko da za a ci shi tara. Ɗan wasa yana da magoya baya. Alƙali ba shi da ko ɗaya, ba ya fitowa bayan wasa ya kare kansa, sai ya jira wani ya yi magana a madadinsa, wani lokaci don ya sanar da duniya cewa ya yi kuskure.

Duk da haka ana ci gaba da shiga. A watan Yuli 2019 Belinda Sharpe ta zama mace ta farko da ta busa wasan NRL a tsakiyar fili, a karawar Brisbane da Canterbury, bayan shekaru tana riƙe tuta a gefe. A 2023 ita da Kasey Badger suka busa wasannin maza kowacce ita kaɗai a ƙarƙashin tsarin alƙali ɗaya. Ashley Klein, ɗan Ostareliya, Ingila ya tafi ya gina sunansa, ya busa wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2008, kafin ya koma gida ya ci gaba shekara da shekaru. Shi kansa Harrigan, bayan ya ajiye usur, ya shugabanci alƙalan NRL, aka sallame shi a ƙarshen 2012 bayan kakar da ta cika da ƙorafi kan hukunce-hukuncen bidiyo.

Abin da ya fi damuna ba waɗannan manyan ba ne, domin su suna da albashi, da likitoci, da masu ba su shawara. Yaro ne ɗan shekara 15 a filin unguwa a yammacin Sidni ko a Wigan ta Ingila, wanda ya ga abin da aka yi wa Cecchin a kan hukuncin da ya yi daidai, ya kuma ji wani uba a bakin fili yana maimaita masa kalmomin da ya ji a talabijin daren Juma'a. Daga cikin irin waɗannan yaran ne za a samu wanda zai busa wasan ƙarshe nan da shekara 20, kuma da yawansu suna ajiye usur tun a shekarun farko. Hukumomin wasan a Ostareliya da Ingila sun san haka, suna kamfe, suna hukunta masu cin zarafi. Amma muddin babbar gasa na sauke alƙali zuwa ƙaramar gasa a bainar jama'a duk lokacin da jaridu suka yi zafi, tana kuma canza masa doka a tsakiyar kaka, to darasin da filin unguwa ke ɗauka daga sama ya fi ƙarfin duk wani kamfe.